Shawara: Ɗan wana ya riƙe shafin ƙungiyarmu, ya jawo mana magana a Mile 12

Tambaya

Assalamu alaikum. Ni sakatare ne na wata ƙungiyar masu kayan gwari a kasuwar Mile 12, Legas. Bara na kawo shawara mu buɗe shafin Facebook da zauren WhatsApp don sanar da farashi da isowar motoci. Da yake mu manya ba mu iya ba, sai na damƙa wa ɗan wana, yaro ɗan shekara 23. Da wayarsa da layinsa ya buɗe komai. Abin ya karɓu, har masu gidajen abinci suna neman kaya ta can. Makon jiya wani ya turo masa bidiyon tirela tana ci da wuta, aka ce motar 'yan Arewa ce aka ƙona a hanya. Bai tambayi kowa ba ya ɗora a shafinmu da zafafan kalamai. Daga baya aka gano tsohon bidiyo ne, gobara ce kawai. Wata Bayarabiya da ke sayen kaya a wurinmu ta yi masa gyara a ƙarƙashin bidiyon, ya zage ta da sunan ƙungiya. Yanzu Shugaba ya ce a rufe komai a kori yaron. Shi kuma ya ce shafin nasa ne, da datarsa ya gina shi, ba wanda ya taɓa ba shi ko sisi. Bidiyon har yanzu yana nan. Ni na kawo shi, kunya ta hana ni zama a ofis. Yaya zan yi?

Sakatare, Mile 12

Amsa

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, Malam Sakatare. Allah ya huci zuciyar Shugaba, ya ba ku mafita.

A duk wasiƙarka, abin da ya fi tayar mana da hankali shi ne inda ka ce bidiyon har yanzu yana nan. Maganar kora, maganar kunya, maganar wa ke da shafi, duk za su iya jiran taro, amma wannan ba zai jira ba. Ka fi mu sanin kasuwar da kake ciki. A watan Maris na 2016 faɗa ya ɓarke a Mile 12, aka rasa rayuka da dukiya, gwamnatin Akinwunmi Ambode ta rufe kasuwar, kaya suka lalace a hannun mutane. Abin da ya cinye kasuwar Shasha a Ibadan a Fabrairun 2021 ma daga 'yar hatsaniya ya faro. Wanda ke neman abincinsa a irin wannan wuri ba ya barin garwashi kusa da bunu, balle garwashin da aka rubuta sunan ƙungiyarsa a jiki.

Akwai kuma doka. Sashe na 24 na Dokar Laifukan Intanet ta 2015, wanda aka yi wa gyara a 2024, ya haramta aika saƙon da mutum ya san ƙarya ne da nufin tayar da zaune tsaye ko jefa rayuka cikin haɗari, hukuncinsa yana iya kaiwa tarar naira miliyan 7, ko ɗaurin shekara 3, ko duka biyun. Ranar da yaron ya ɗora bai san ƙarya ce ba. Yau kuwa kun sani, kuma abin yana nan a kafe. Wannan tazarar ce za ta yi muku wuyar bayani idan aka gayyace ku ofishin 'yan sanda, kuma in an yi gayyatar kada ku je ba lauya.

Saboda haka yau ɗin nan, bayan Magariba, ka kira ɗanka gida. Kada a ofis, kada a gaban dattawa. Ka zauna kusa da shi wayar tana hannunsa. Kafin a goge komai ku ɗauki sikirinshot na abin da aka ɗora, da ranar, da adadin waɗanda suka yaɗa, da musayar da aka yi da matar nan, ku ajiye. Idan gobe wani ya ƙara gishiri ya ce kun faɗi abin da ba ku faɗa ba, shi ne shaidarku. Sannan a goge bidiyon da zagin. Kuskuren da ƙungiyoyi suka fi yi a nan shi ne su goge su yi shiru, kamar ba a yi ba. Waɗanda suka gani ba za su san an janye ba, za su ci gaba da riƙe ƙaryar, abokan gaba kuma su fito da nasu sikirinshot su ce kun ɓoye. A rubuta gyara gajere a wurin da aka yi ɓarnar, kamar haka:

"Sanarwa daga shugabannin ƙungiya. Bidiyon motar da muka ɗora ranar kaza tsoho ne, kuma gobara ce ta kama ta, ba wanda ya ƙona ta. Mun ɗora ba tare da bincike ba, laifinmu ne. Mun cire shi. Duk wanda ya tura wa wani, muna roƙonsa ya tura masa wannan gyaran. Muna ba abokan zamanmu da abokan cinikinmu haƙuri."

Ka lura babu "wani yaro ne ya yi" a ciki. Jama'a sunan ƙungiya suka gani, ƙungiya ce za ta amsa. A fitar da shi da Hausa, da Yarabanci, da Turanci mai sauƙi, kuma na Yarabancin a ba wani daga cikin abokan kasuwarku Yarabawa ya rubuta da kansa, kada a dogara da fassarar waya a magana mai nauyi irin wannan. A kafe shi a saman shafin na mako guda. A zauren WhatsApp a tura shi a rubuce da kuma saƙon murya, da muryar Shugaba in ya yarda, domin damar goge saƙo daga wayoyin kowa ba ta wuce kamar kwana biyu ba, abin da aka riga aka tura waje kuwa ba hannun da zai kamo shi. Ita kuma Bayarabiyar da aka zaga, a same ta har inda take sana'a, kai da dattijo ɗaya da yaron. Bayan an gama da baki a rubuta mata haƙuri na layi biyu a shafin, tunda a bainar jama'a aka ci mata fuska. Shugabannin kasuwa na ɓangaren Yarabawa su ma su ji daga bakinku kafin su ji a waya.

Yanzu hukuncin Shugaba. Fushinsa yana kan hanya, amma ba mu goyi bayan rufewa ba. Masu gidajen abinci sun riga sun saba neman ku ta can. Ranar da kuka ɓace, ɗan damfara zai buɗe shafi da sunanku da hoton allon ofishinku, ya riƙa karɓar kuɗin kafin alƙalami, ku kuma ba ku da inda za ku tsaya ku ce ba mu ba ne. Korar yaron cikin fushi ta fi wannan haɗari, domin a yau shi kaɗai ke da cikakken iko a shafin: cikin minti biyu zai iya sauya masa suna, ko ya rufe shi, ko ya ci gaba da magana da yawunku kuna kallo. Kada a yi masa barazana da 'yan sanda, kada a tara masa jama'a.

Kuma a gaskiya maganarsa akwai ƙamshin gaskiya. Suna na ƙungiya ne, amma gumi nasa ne. Shekara guda yana sayen data, yana amsa saƙo da asuba, ba a ba shi ko kuɗin shayi ba, ba a kuma taɓa zaunar da shi an ce ga abin da za ka faɗa, ga wanda ba za ka faɗa ba. Wanda ya ba yaro makullin shago ya tafi bai waiwayo ba, ba ya cikin masu wanke hannu in an yi ɓarna. Ku lissafa watannin da ya yi, ku biya shi kuɗin datarsa da wani abu a kai na godiya, a rubuta a littafin taro cewa an biya kuma shafin mallakar ƙungiya ne, ya sa hannu. Daga nan a yanka masa alawus na wata, ko kaɗan ne. Wanda ake biya ana iya tuhumarsa. Wanda ke taimako kyauta, da ka yi magana zai ce ai taimako yake yi.

Sai makullai, kuma a nan za mu daɗe, don nan ne gindin matsalarku.

Layin waya shi ne uwar komai. Tun Disambar 2020 da aka wajabta haɗa layi da lambar NIN ta shaidar ɗan ƙasa, duk wanda layi ke kan NIN ɗinsa shi ne mai shi a wurin kamfanin waya. Ko kun karɓe sim ɗin kun kulle a durowa, zai iya zuwa ya yi welkom bak, wato a ba shi sabon sim mai lambar, layin ya dawo hannunsa, WhatsApp ɗinku ya bi shi. Ku sayi sabon layi. Idan kuna da rajista da hukumar CAC mai rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi, ku je babban ofishin kamfanin wayar da takardun rajistar ku nemi a yi shi da sunan ƙungiya. Za su buƙaci NIN na wakilin da kuka naɗa. In ba ku da rajista, a yi da sunan ma'aji ko naka, a rubuta a littafin taro cewa amana ce. A sa shi a wayar da ƙungiya ta saya, mai kwana a ofis. A riƙa sa masa kati ana kira da shi, domin layin da aka yi watanni ba a taɓa ba kamfani kan rufe shi, daga baya ya sayar wa wani, lambobin sirrinku su koma shiga wayar baƙo.

Da wannan layin a buɗe adireshin Gmail na ƙungiya. A kunna masa tantancewa mai mataki biyu, wato neman ƙarin lamba bayan kalmar sirri, a fitar da lambobin ajiya guda 10 da Google ke bayarwa don shiga in waya ta ɓace, a rubuta su a takarda tare da kalmar sirrin, a liƙe a ambulan, a ajiye inda kuke ajiye takardun banki. Kada kalmar sirri ta zama lambar waya, ko shekarar kafa ƙungiya, ko sunan kasuwa. Su ne farkon abin da ɓarawo ke gwadawa.

Shafin Facebook ba shi da kalmar sirri tasa. Yana rataye ne a akawun ɗin mutanen da aka ba izini, shi ya sa cewa "ba mu fasawod ɗin shafi" ba ta da ma'ana, kuma bai kamata ku karɓi na akawun ɗinsa na kansa ba. Abin da za a yi shi ne, yaron ya shiga saitin shafin, wurin ba da izinin shiga, ya gayyaci mutum biyu daga shugabanni, ya kunna musu cikakken iko, ya tabbatar da kalmar sirrinsa, su kuma su karɓi gayyatar a wayoyinsu nan take kuna zaune. Bayan haka ɗayansu ya cire shi ya sake gayyato shi ba tare da cikakken iko ba. Zai ci gaba da ɗora abu da amsa saƙo, amma ba zai iya cire kowa ko rufe shafin ba. Me ya sa mutum biyu? Ɗaya zai iya rasuwa, ko a sace wayarsa a cunkoson Ketu, ko Facebook ya kulle masa akawun. Me ya sa ba biyar ba? Duk mai cikakken iko yana iya korar sauran, kuma kowane ƙarin mutum ƙarin ƙofa ce ga ɗan kutse. Wata dabara da mutane ke yi wadda ba ta ɓullewa ita ce buɗe akawun na bogi da sunan ƙungiya kowa ya riƙa shiga da shi. Facebook na ganin ana shiga daga wayoyi daban-daban sai ya kulle ya nemi katin shaida, ga shi babu ɗan'adam mai wannan sunan, shafin ya tafi ke nan.

Zauren WhatsApp yana da nasa tarko: wanda ya ƙirƙiri zaure, sauran admin ba sa iya cire shi ko sauke shi, sai in shi ya fita da kansa. Ko dai ya naɗa layin ƙungiya admin ya fita a sake shigo da shi, ko ku buɗe sabo da layin ƙungiya. Mun fi son na biyun, don dama ce ta tace mutane. Ku yi biyu ma: na sanarwa, inda admin kaɗai ke iya magana, da na tattaunawa ga 'yan ƙungiya masu rajista. A kunna neman amincewar admin kafin kowa ya shiga, a sabunta linkin gayyata don tsohon ya mutu. Zaure yana ɗaukar mutum 1,024, amma cika shi da wanda ba ku sani ba cika ɗaki ne da kunnuwa. A wayar ofis ku sa WhatsApp Business. Yana barin a haɗa wasu na'urori har 4, don haka kai ma kana iya ganin duk hirar da ake yi da abokan ciniki daga wayarka. Ka dai sani, in babbar wayar ta yi kwana 14 ba a buɗe ta ba, sauran za su fita da kansu.

Hanyoyi biyu aka fi ƙwace wa ƙungiyoyi akawun a ƙasar nan, ka karanta wa dattawa su a taro. Na farko, a kira mutum da ladabi a ce akwai taron ƙungiya ta intanet da daddare, an turo masa lamba 6 ta shiga, ya karanto. Wannan lambar ta rajistar WhatsApp ɗinsa ce. Yana karantawa an tafi da shi, sai 'yan ƙungiya su fara samun saƙon "Alhaji ya maƙale, a tura dubu kaza". Maganinsa kowane admin ya kunna tantancewa mai mataki biyu a saitin WhatsApp, ya zaɓi lambar sirri 6 tasa, ya sa imel. In an riga an ƙwace, a sake rajista da layin nan da nan, in ɓarawon ya sa tasa lambar sirrin sai an jira kwana 7, kafin nan a sanar da kowa ta kira. Na biyu, saƙo ya shigo akwatin shafi da tambarin Meta, kamfanin da ke da Facebook, wai za a rufe shafinku cikin awa 24 saboda karya doka, ku danna nan. Ba a dannawa.

In makullai sun dawo gida, sai a rubuta ƙa'ida. Shafi ɗaya na takarda ya isa, da Hausa, a karanta a taro, a manna a bangon ofis. Jigonta shi ne raba abin da yaron zai ɗora da kansa da abin da sai an gani. Idan kuka ce komai sai Shugaba ya gani, farashin safe zai fita da la'asar, yaron ya gaji, shafin ya mutu. Isowar motoci, lokutan buɗe kasuwa, ranar shara, gaisuwar Juma'a da ta Sallah da ta Kirsimeti ga maƙwabta, wannan duk ya yi da kansa. Abin da ya shafi kuɗi (ban da farashin kullum), rasuwa, haɗari, rikici, gwamnati, 'yan sanda, siyasa, addini, ƙabila, ko sunan wani mutum, sai ya bi ta ƙaramin zaure na mutum uku: kai, kakakin ƙungiya, da dattijo ɗaya mai sanyin zuciya. Yaron ya tura rubutun yadda zai fita, in dattijon ba ya karatun boko ya karanta masa ta saƙon murya. Mutum biyu su ce "a sa", sannan a sa. In ba a amsa ba, ba a sawa. Shiru ba izini ba ne. Amfanin yin haka a zaure maimakon da baki shi ne gobe ba mai cewa ban gani ba.

Labarin hanya shi ya kayar da ku, don haka ku ba shi doka tasa. Duk bidiyon da ya zo da kibiya biyu a samansa, WhatsApp na gaya muku ya bi hannaye da yawa, wanda ya turo ba shi ya ɗauka ba. A tambaye shi: kai ka gani da idonka? Motar wa? Lambarta? Daga ina ta yi lodi? Ku kuna da abin da 'yan jarida ma ba su da shi, wato lambobin direbobi da masu lodi tun daga Kano da Zariya har Jebba da Ogbomosho. Kira biyu zuwa uku sun isa a san gaskiya. A ɗauki sikirinshot na bidiyon a bincika da Google Lens, manhajar binciken hoto, sau da yawa yakan nuna inda hoton ya taɓa fitowa. A dubi yanayi: ƙasa jiƙe da ciyawa kore a tsakiyar rani alama ce ta cewa bidiyon ba na yanzu ba ne. In ma labarin ya tabbata, shafin ƙungiya ya faɗi abin da ya faru da abin da shugabanni ke yi a kai, ba tare da kiran sunan ƙabila ba.

Farashi kuwa, kada ku raina shi don kullum ake yi. A karɓo daga dillalai uku, a rubuta daga kaza zuwa kaza, da ranar, da ƙarfe nawa, da ma'auni: babban kwando ko ƙarami ko kiret, buhun albasa sabuwa ko busasshiya, attaruhu ko tattasai ko shambo. A ƙara cewa yana iya sauyawa kafin yamma. In kuka sa lamba ɗaya tilo, mai abinci za ta taso daga Ikorodu ko Ajah da kuɗi cif, ta tarar ya hau, ta kira ku maƙaryata. Can gida kuma manomi a Kadawa ko Aliero zai ga lambar, bai cire kuɗin mota da na 'yan dako da la'ada da abin da ya ruɓe a hanya ba, ya ce dillalinsa ya cuce shi. Kuma a hana yaron karɓar na goro don tallata kayan wani Alhaji a shafin kowa da kowa. In za a yi talla, ƙungiya ta sa kuɗi ɗaya ga kowa ya shiga asusunta, ku kuma san cewa dokar 2022 ta ARCON, hukumar kula da tallace-tallace, ta shafi tallan intanet, ku nemi bayani kafin ku fara. Lambar asusun banki ɗaya tak, mai sunan ƙungiya, a kafe ta a sama tare da cewa ba ma neman kuɗi ta saƙon sirri.

Akwai abin da ba ya hawa shafi ko da mutum uku sun yarda. Hoton gawa ko na wanda ya ji rauni. Sanarwar rasuwa kafin a tabbatar iyali sun ji. Yawancinku iyalanku suna Arewa, bai dace mace a Funtuwa ta ga mutuwar mijinta a Facebook kafin wansa ya iso gidan ba. Bidiyon wanda aka kama da zargin sata: a kira 'yan sanda ko lambar gaggawa ta Legas, 112 ko 767, kyamara tana ƙara wa taro zafi. Sunayen waɗanda ake bi kuɗin ƙungiya, da lambobin waya da katin shaidar mutane, domin ban da tozarci, Dokar Kare Bayanan Jama'a ta 2023 ta ɗora wa mai riƙe da bayanan mutane nauyin tsare su. Hoton mata da yara ba da izini ba. Ɗan siyasa in ya kawo ziyara, a ce ya zo, an karɓe shi, ga buƙatun da aka gabatar. A tsaya nan, don a cikinku akwai ɗan kowace jam'iyya, kuma duk wanda ya ci da shi za ku zauna.

Ladabin amsa shi ne inda yaron ya fi buƙatar koyarwa, kuma ba sabon ilimi ba ne a wurinku: yadda kuke karɓar mai saye a bakin rumfa, haka za a karɓe shi a waya. A fara da gaisuwa. A kira mutum da girmansa, Alhaja, Mama, Madam, Oga. Yarabawa suna da lamirin girmamawa, "ẹ" ga babba, "o" ga sa'a ko ƙarami. Wanda bai ƙware ba gara ya tsaya a Turanci mai sauƙi ko Fijin da ya yi wa uwar wani "o". A sa lokutan amsa a fili, misali 6 na safe zuwa 6 na yamma, a saita saƙon da ke amsawa da kansa bayan an tashi. Mai ƙorafi a amsa masa a bainar jama'a cewa an ji, a nemi lambarsa ta saƙon sirri, in an warware a dawo a rubuta an warware. Ƙorafin gaskiya ba a goge shi, komai ɗacinsa. Masu karatu sun fi lura da yadda kuka amsa fiye da abin da aka faɗa. Abin gogewa shi ne zagin ƙabila ko addini, tallan damfara, da lambar wayar wani. Facebook yana da ɓoye sharhi, wanda mai shi da abokansa kaɗai za su ci gaba da gani. Ya fi gogewa amfani ga mai neman rigima, don bai san an rufe masa ƙofa ba balle ya ƙara hawa. Amsa biyu ta ishi mai gardama, ta uku sai a waya. In an zagi yaron ransa ya ɓaci, ya ajiye wayar awa guda, ya nuna maka abin da zai rubuta. Kuma kullum ya dubi ɗan hoton da ke gefen wurin rubutu kafin ya tura, ya tabbatar da sunan wa yake magana. Da yawan abin kunyar da ke fita daga shafukan ƙungiyoyi, mutum ne ya ɗauka yana kan akawun ɗinsa.

Sa ido ba ya nufin tsayawa a kan yaro. Minti 20 a mako ya isa, ka zaɓi rana ɗaya ka riƙe. Ku buɗe jerin masu izinin shafi ku ga ko an ƙaru, ku duba na'urorin da ke haɗe da WhatsApp ku cire wadda ba ku sani ba, ku ƙirga saƙonnin da ba a amsa ba, ku karanta abin da aka ɓoye ko aka goge da dalilinsa, ku tsara na mako mai zuwa. Facebook yana nuna wa masu kula da shafi sunan wanda ya ɗora kowane abu, don haka ba a rasa mai alhaki. A taron wata ka ba da rahoto na minti 5: mutum nawa suka nemi kaya, ƙorafi nawa, nawa aka warware. Yawan mabiya da laik ba sa sayar da kwando ɗaya, kada ku auna yaron da su, in ba haka ba zai koma neman abin da ke tayar da ƙura, irin wanda ya kawo ku nan. Ranar da aka yi zaɓen ƙungiya ko wani ya ajiye muƙami, a ranar ake cire izininsa a sauya kalmomin sirri, tare da miƙa hatimi da littafin banki. Kuma littafin sunaye da lambobin 'yan ƙungiya na takarda ya ci gaba da zama: ranar 4 ga Oktoba 2021 Facebook da WhatsApp da Instagram sun ɗauke na kusan awa 6 a duniya baki ɗaya, Twitter kuma an rufe shi a Nijeriya daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022.

Kai kuma Malam Sakatare, ka koma ofis gobe da safe. Ƙaurace wa kujerarka yana sa a ga kamar kana kare ɗanka ne. Ka sami Shugaba shi kaɗai kafin taro, ka fara da naka laifin, cewa kai ka miƙa amana ba ƙa'ida. Ka nuna masa gyaran da aka fitar, da sunansa ko na ma'aji a jerin masu cikakken iko, da takardar ƙa'idar. Ka roƙi gwajin wata 3: watan farko komai da yaron zai ɗora, har farashi, sai ka gani, in ya tsallake, a koma tsarin da muka zayyana. Ka nemi a haɗa shi da wani matashi na biyu wanda ba danginka ba, don in ɗaya ya tafi gida Sallah aiki bai tsaya ba, kuma bakin masu cewa shafin gidanku ne ya mutu. Wanka ma ka kira shi ka gaya masa yadda ake ciki kafin labarin ya je masa a karkace. In yaron ya ƙi miƙa iko duk da biyan da aka yi masa tayi, a bi ta wurin mahaifinsa da limaminku. In hakan ma ta faskara, ku buɗe sabon shafi da layin ƙungiya, ku sanar a masallacin kasuwa da zauren WhatsApp cewa tsohon ba ya magana da yawunku, ku kai rahotonsa ga Facebook da takardun rajistarku a hannu.